Fitilun Gwangwani da Harawar Inna Jebu

Ku matso nan, ku samarin fadar shayi, ku jawo bencin kusa da ƙofar zaure, shayinku ba zai gudu ba. Jiya ina jin ɗayanku, wancan mai jar hula, yana cewa aikin Baba Illa ai ba aiki ba ne, gwangwani ne da ƙusa, ko da barci a ido ana yinsa. Ya ɗauka ban ji ba don ina bugun kwano. To ni idona ne ya fara raguwa, kunnena lafiyarsa lau. Daga nan ina jin lokacin da matata Rabi ta sauke tukunya a cikin gida, har in gaya muku ko ta tuwo ce ko ta miya. Tunda kun ce aikin mai sauƙi ne, ku zauna in ba ku labarinsa.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a wankin gwangwani ne. Kawuna Gado, ƙanen mahaifiyata, shi ya koya mini. Daga Tajaye ya zo Konni da almakashi guda da guduma guda, ya kafa rumfa a bakin kasuwa. Aji uku na yi a lakwal, makarantar boko ke nan, ni da lakwal muka ga ba za mu jitu ba, aka miƙa ni gare shi. Ranar farko ya zube mini buhun gwangwanaye, na tumatir, na sardin, na madara, ya ce in wanke da toka da yashi. Na wanke, na jera su a rana suna walƙiya, ina jiran yabo. Ya zo ya ɗauki guda, bai ko duba ba, hanci ya kai. Ya ce, "Wanga kifi ne har yanzu." Na sake wankewa. Gwangwanin da maiƙo ya rage a jikinsa dalma ba ta kama shi, sai ta dunƙule ta gangara ƙasa. Shekara guda cur ban taɓa almakashi ba. Wanki, miƙe tsofaffin ƙusoshi, fifita gawayi, shi ne karatuna.

Kayan aikin ga su nan, ba su cika ƙwarya ba. Almakashin kwano, na Kawu ne, an wasa shi har bakinsa ya rame. Guduma biyu, babba da ƙarama. Awartaki. Guntun sifirin na babbar mota wanda nake daddale kwano a kansa. Kurfoti na hura gawayi, da ƙarfen dalma, da 'yar kwalbar ruwan asid da ake shafa wa kwano kafin a liƙe shi. Shi ƙarfen dalma ba ido ke gaya maka ya yi zafi ba, kunne ne. Ka taɓa bakinsa da ruwan asid: in ya yi 'yar ƙara gajera ya yi daidai, in ya yi tsaki mai tsawo ya wuce, zai ƙone maka dalmar.

Aci-balbal ita ce fitila ta farko da na gama da hannuna. Ku da kuka tashi da tocila ba ku san darajarta ba. Ƙaramar fitila ce, cikinta gwangwanin tumatir, wuyanta siririn kwano da aka naɗe a jikin babbar ƙusa, lagwani a sama, babu gilashi. Da na gama na kawo wa Kawu. Ya sa bakinsa a wuyan ya hura, ya kara kunne a gindin. Ya ce iska na fita ta wuri biyu, ya nuna mini su da farce. A ranar ce ya ba ni dokar da ya fi maimaitawa. Ya ce, "Illa, kafin ka ɗauki ƙarfe, duba inda wuta za ta lasa. Inda za ta lasa ba a sa dalma. Kalmasa kwanon za ka yi, ka buga masa ƙusa." Na ce na ji. Ku riƙe wannan, za mu dawo kanta.

Da Kawu ya rasu na kwaso kayan na dawo nan zaurena, kuma tun daga nan ban motsa ba. Iyaka ga ta nan kusa, kabu-kabu na kai mutum ya dawo kafin shayi ya huce, amma sau biyu na taɓa tsallakawa, kuma duka biyun ta'aziyya ce. Rabi tana cewa in aka ɗaga tabarmata za a ga saiwa. Ni kuwa ban ga abin da zan je nema ba, garin ne ke zuwa wurina. Mai shayi ya zo da butarsa tana yoyo, mai ƙosai ta zo tana son matsami, mai tsire yana son fitila mai lagwani biyu. Wani jandarma ya taɓa kawo mini tukunyar matarsa a ɓoye cikin buhu, shi ya ƙona ta da matar ta yi tafiya, yana so in gyara kafin ta dawo. Na gyara. Da ta dawo ita ce ta kawo mini tukunyar tana tambaya wa ya liƙe mata ita.

Mazurari su suka ciyar da gidana a mugunyar shekara. Kun san ta, ko kun ji ta a bakin iyayenku, shekarar da fara ta sauka a ƙarshen damina, ruwa kuma ya ɗauke da wuri, shekarar da ta biyo hatsi ya yi tsada, dabbobi suka riƙa faɗuwa. A lokacin ne kuma tocilolin nan masu araha suka cika kasuwa. Mai shayin da ya shekara goma yana sayen aci-balbal a wurina ya wuce ta ƙofar nan da tocila ɗaure a goshi, ya gaishe ni, hasken na dukan idona. Fitiluna suka yi tsatsa a igiya. Masu sayar da fetur a kwalba bakin hanya su kaɗai ba su daina zuwa ba, don ba a zuba mai a babur ba mazurari. Na yi manya, na yi ƙanana, na yi masu rariya a ciki. Har a mafarki mazurari nake naɗewa.

Yanzu bari in kawo muku Inna Jebu, don in ba ita labarin ba zai tafi ba. Bafillata ce, katanga ɗaya ta raba gidanmu da nata. Mijinta ya rasu, ɗanta yana daji wajen Bazaga yana kiwon tumakin mutane. Ni kuwa ubana Ba'are ne, kun san tsakanin Arawa da Fulani akwai wasa, don haka tunda muka zama maƙwabta ba mu taɓa gaisawa da daɗi ba. Da safe za ta miƙo ƙwaryar nono ta saman katanga ta ce, "Ba'are, karɓi, kada yunwa ta kashe ka a ce ni ce." Ni kuma in ce, "Inna, wanga nono naki ya sha ruwa fiye da albasar Galmi." Ta ce in maido mata. Ban taɓa maidowa ba.

Shanu uku take da su. Mugunyar shekara ta ci biyu, ɗaya ta faɗi, ɗaya ta sayar wa mahauta tun tana iya tsayuwa. Saura guda, baƙa, tana kiranta Ɓale. Da daminar da ta biyo ta yi kyau, Inna ta shiga tara harawa, dami ɗaya, dami biyu, tana musaya da nono wurin manoman da ke shigowa da amalanken jaki. Ta jibge ta a saman rumfar saniyar. Wannan harawa ita ce za ta kai Ɓale damina, Ɓale kuma ita ce abincin Inna.

Sai Layya ta zo. Shekarun nan ne nokawut ya yi yawa a Konni, abin nan mai kama da ashana babba da yara ke ƙyastawa su jefa ya fashe da ƙara. Kwali-kwali ake shigo da shi daga tsallaken iyaka. Akwai kuma mai tashi sama yana feshin wuta. Ba a ma jira duhu ba, da la'asar abin ya faru. Ina zaune nan na ji ƙarar ta bambanta, ba a ƙasa ya fashe ba, a cikin abu mai taushi ya fashe. Kafin in miƙe hayaƙi ya tashi a saman rumfar Inna. Mata suka fito da ruwan da suke wankin kayan ciki suka riƙa watsawa. An kashe, amma fiye da rabi ya tafi. Ɓale ta tsinke igiya ta yi tasha, 'yan kabu-kabu uku suka bi ta a kan babura, suna ƙara firgita ta da oda. Ba a san wanda ya jefa ba, don duk ɗiyan layin suna jifa. Sauran ranin Inna ta ƙarasa shi tana bin gidaje neman dusa, har kwali na ga saniyar tana ci.

Saniyar ta rayu, har ta ɗauki ciki. Inna ta sake tara harawa, ta fi ta bara. Sai ga Layya ta gaba ta zo daf da sabuwar shekarar Nasara, wadda ma'aikata ke yi wa biki. Biki biyu a haɗe, masu nokawut suka baje tebura tun saura sati uku. Mai unguwa ya yi magana, iyaye sun yi faɗa, amma kullum da yamma sai ka ji ƙara nan da can.

Wata safiya ƙwaryar ta zo ta saman katanga ba zagi. Na ce, "Inna, lafiya? Yau ba ki ce mini komai ba."

Ta ce, "Illa." Tunda nake da ita ba ta taɓa kiran sunana ba. "In harawata ta sake cin wuta bana, ni da Ɓale mun rabu. Na yi magana da dillali. In sayar in koma wajen ɗana. Ba ni da ƙafar bin gidaje sau biyu."

Na ce, "In kika tafi wa zai riƙa sayar mini da ruwa da sunan nono?"

Ba ta yi dariya ba. Ta karɓi ƙwaryarta.

A layinmu akwai Mushe Sumana, haka muke kiran malamin lakwal da Faransanci, Bazabarme ne da aka turo daga yamma, yana haya a gidan kusurwa. Rabin ɗiyan layin ɗalibansa ne. Da yammar ranar ya zo ɗaukar butarsa, na gaya masa abin da Inna ta ce. Ya zauna a bencin nan da kuke kai. Ya ce, "Baba Illa, na hana a lakwal, na hana a gida. Jiya na kwance filon ɗiyata Hawa na sami fetar guda shida." Shi fetar yake ce wa nokawut. "Suna son wuta, suna son a kalle su. In da wani abin da za su riƙe a hannu ran Sallah, da na san yadda zan yi da su."

Kwana biyu ina juya maganar. Kunnena ne ya kawo mafita. Akwai guntun gwangwanin lemo, irin marar nauyin nan, da na rataye a waya saman kurfoti don ya bushe. Ina aiki na riƙa jin wata 'yar ƙara a bayana, ƙir, ƙir, ƙir. Na waiga, ashe zafin gawayi ne ke tashi yana juya shi. Na ajiye guduma.

Ga yadda na yi fitilar. Babban gwangwanin madarar gari shi ne jiki, a huda shi da ƙusa ko'ina, taurari da wata. A gindinsa a ciki ƙaramar aci-balbal. Saman wutar a gitta waya mai ɗauke da allura a tsaye. A kan allurar a kifa gwangwanin lemo da aka tsaga wa gefe, aka yanka samansa kamar farfela. Zafi ya tashi, farfela ta juya, tsagun su riƙa wucewa ta bayan hudojin, sai taurarin su riƙa ƙiftawa suna bin juna a jikin bango. A sama murfi mai hanyar hayaƙi da mariƙi na waya a rataye a sanda. Wuta tana kulle a ciki, ba tartsatsi, ba jifa.

Mushe ya gani a ɗakin Rabi, muka rufe taga. Ya daɗe yana kallon bango. Ya ce yara arba'in ne a layin da bayansa, zai yi magana da iyaye, kuɗin da za a ba yaro na nokawut a ba ni. Saura kwana goma sha biyu.

To a nan Baba Illa ya yi abin kunya. Fitila arba'in, ga aikin Layya, kowa na kawo kurfoti da faranti a gyara. Kalmasa murfi da buga wa waya ƙusa yana cin lokaci ninki uku na liƙi. Na ce a raina, shekara talatin ina liƙe wuyan aci-balbal da dalma, wuta na ci a samansa, bai taɓa narkewa ba. Na manta aci-balbal a fili take, iska na kwashe zafin. Wannan kuwa a rufe take. Na liƙe wayoyin, na liƙe murafun, na liƙe mariƙan. Kowace na gama sai in kunna, in ga ta juya, in hure don kada in ɓata kananzir. Ba wadda na bari ta ci wuta ko na tsawon alwala.

Saura kwana huɗu Mushe ya tara yaran a tsakar gidana bayan magariba don su gani. Inna Jebu ta ɗora haɓa a kan katanga. Na kunna guda biyar na rataye a igiyar shanya. Taurari suka fara gudu a bango, yaran suka bi su da ido. Hawa ɗiyar Mushe, shekararta goma sha ɗaya amma bakinta na babbar mace, ta ce, "Baba Illa, tana ƙara?"

Na ce, "Ba ta ƙara. Ke ai kin isa ƙara."

Suna dariya sai na ji ɗis. Sannan wani ɗis. Dalma ce ke ɗiga a cikin gwangwani. Kafin in kai hannu mariƙin ta tsakiya ya saki, fitilar ta faɗo, kananzir ya malale, wuta ta bi shi a ƙasa ta nufi gindin katangar Inna. Rabi ce ta kifa mata kwanon yashi. Sauran huɗun farfelunsu suka karkace suka tsaya ɗaya bayan ɗaya.

Inna ta ce, "Ba'are, su yara daga nesa suke jefowa. Kai ka kawo mini ita har gindin katanga."

Hawa ta ce, "Baba Illa, ai ta yi ƙara."

Suka watse suna dariya, ina jin wani yana cewa gobe zai karɓi kuɗinsa ya sayi na gaske. Mushe ya taya ni tsince gwangwanaye. Na ɗaga murfi ɗaya, dalmar ta taru a gefensa kamar hawaye. Kawu ya shekara goma sha biyar a ƙasa, amma a kunnena na ji shi.

Da safe na ji muryar dillali a gidan Inna yana yaba ƙirjin saniya. Na hau turmi na leƙa. Na ce, "Inna, ba ni kwana huɗun nan."

Ta ce, "In ba ka ka ƙone ni da kyau?"

Na ce liƙi ne ya narke, laifina ne, na san gyaransa. Ta ce liƙi bai dame ta ba, kananzir ne ya dame ta. "Yaro ne zai riƙe, yaro kuwa sai ya faɗi. Mi ya kai ka sa kananzir? Mu a ruga da man shanu muke kunna fitila. In ta kife mutuwa take yi, ba ta bin ƙasa."

Na ce, "Man shanu na fitila arba'in? Ɓale za ta bayar?"

Ta ce, "Kai dai Ba'are ne. Ran Layya kitse zai yi wuya a garin ga?"

Na sauko daga turmin a hankali. Ta juya ta ce wa dillali ya dawo bayan Sallah. Ya ce bayan Sallah kuɗin shanu faɗuwa yake yi. Ta ce ta sani.

Warware fitila arba'in ya fi ƙera su wuya. Sai ka narke dalmar, ka goge, ka yanka wa murfi 'yan kunnuwa, ka huda jiki, ka tsira su ka kalmasa. Waya kuma ka huda mata rami biyu ka lanƙwasa bakinta a waje. Mariƙi ka buga masa guntun alminiyam ka baje kansa. Na cire aci-balbal ɗin duka, na sa gwangwanin sardin a madadinsu, an kalmasa shi a gindi, da lagwanin auduga a tsaye. Rabi ta murza lagwani arba'in tana yi mini gori a kan kowane. Na roƙi ɗan kitse wurin mahauci na narka, na kunna guda na rataye, na ce ba mai hure ta. Ta ci daga magariba har aka fito isha'i tana juyawa. Na sa ƙafa na ture ta da gangan. Kitsen ya zube ya daskare a ƙasa, wutar ta mutu.

Saura yaran, don sun riga sun yanke mini hukunci. Jikin fitilun goma sha biyar ban huda ba tukuna, kuma hannuna ya kumbura. Mushe ya ce in bar masa. Ya kawo su da rana, ya ba kowa ƙusa da dutse, muka cika gwangwanayen da yashi don kada su lotse, ya ce kowa ya huda abin da yake so. Nan rigima ta tashi, waɗanda nasu na riga na huda suka ce su ma sai sun ƙara. Wani ya yi rago, wani ya yi babur, wani ya yi harafin farko na sunansa. Hawa ta yi wani abu mai kunnuwa ta ce ni ne. Wanda ya buge yatsa ya yi kuka ya ci gaba. Da za su tafi ba wanda ya yarda ya bar tasa a zaurena, kowa ya rungume abinsa.

Ran Sallah, kun san yadda layi yake, raguna a gicciye a jikin itace an zagaye wuta, manya na zaune suna tsaronta. Tun azahar yara suka fara bin iyayensu mata da gwangwanin sardin suna roƙon kitse. Inna ta jawo tabarma ta zauna a gindin rumfarta da bokiti biyu na ruwa, ta ce ba ta yarda da Ba'are ba.

Bayan magariba aka kunna. Abin da ban lissafa ba shi ne, in yaro ya yi gudu farfela karkacewa take ta tsaya. Sai ga ɗiyan layinmu, waɗanda ba su taɓa tafiya a hankali ba tunda aka haife su, sun jeru suna takawa kamar tsofaffi za su masallaci, sanda a hannu biyu. Bangayen layin suka cika da taurari da raguna da babura suna ƙiftawa. Ƙara kuwa sun samo abarsu, 'yan mata suka ɗauki waƙa, masu ƙanne suka ba su gwangwani da tsakuwa. Mutanen wasu unguwanni suka tsaya a bakin layi suna kallo. Layin duka yana ƙamshin soyayyen kitse, kuliyoyin unguwa suka biyo bayan jerin, har da karen mahauci.

Daga can wajen tasha ana jin nokawut na tashi. A layinmu guda ɗaya ban ji ba, kuma kun san in an yi zan ji. Na ga aljihun wani yaro a kumbure, na san abin da ke ciki, amma hannunsa biyu na kan sanda, kuma babu wanda zai ba ajiyar fitilarsa. Da suka zo ƙofar Inna, Hawa ta tsayar da su, suka ɗaga fitilun. Haske ya bi jikin Ɓale yana wucewa. Ta ɗago kai ta dube su, ta ci gaba da tuƙa. Inna tana zaune, hannunta a kan bokiti, har suka wuce. Washegari aka sake, da jajiberin sabuwar shekarar da abin da ya biyo, har kitsen ya ƙare.

Ba zan ce muku na kori nokawut daga Konni ba, kuna ji da kunnenku har yau. Amma layin nan ya yi shekaru yana kunna fitilun kitse, kuma harawar Inna ta kai damina. Dillali ya dawo bayan Sallah, ta ba shi fura ya sha ya tafi. Da Ɓale ta haihu, ƙwaryar ta zo ta saman katanga a cike, da kauri, ko ɗigon ruwa babu. Na ce, "Inna, yau rijiya ta ƙafe ne?" Ta ce in rufe mata baki, kuma tana son fitila ita ma, a huda mata saniya a jiki. Na zauna na yi mata da kaina, kwana biyu. Ta kunna, ta dubi bango ta ce, "Wanga jaki ne." Ta rataye ta a ƙofar ɗakinta, a can take har Allah ya yi mata rasuwa.

To, mai jar hula, ga gwangwani nan, na wanke maka shi da kaina, ba sai ka yi shekara guda ba. Ga almakashi, ga ƙarfen dalma a wuta. Kafin ka taɓa ko ɗaya, juya shi a hannunka ka duba da kyau. Kai da ka ce aikin ba wuya, nuna mini, a jikin gwangwanin nan, ina da ina wuta za ta lasa?